Kowane Daji da Asalinsa: Abin da Fasahar Sarrafa Halittu Ta Sauya a Yaƙi da Sankara

A shekarar 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suna duba jinin masu fama da wata irin sankarar bargo a ƙarƙashin madubin likita, sai suka lura cewa ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen gadon da ke cikin ƙwayoyin jinin ya gajarce. Suka duba jinin wani mara lafiyar, gajartar tana nan. Suka duba na wani, haka. Sai a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano abin da ya faru: ƙunshi na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar gutsure. A wurin da gutsuren suka haɗu wata baƙuwar ƙwayar gado ta samu, wadda aka sa wa suna BCR-ABL, ita kuma aikinta ƙera wani furotin da ke umartar fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba hutu.

Da aka san mai laifin, sai aka shiga neman abin da zai toshe masa baki shi kaɗai. Masanan kamfanin da daga baya ya zama Novartis suka haɗa wani sinadari, likita Brian Druker ya fara gwada shi a kan mutane a 1998. A cikin marasa lafiya 54 da suka sha isasshen adadi, jinin 53 ya koma daidai. A 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec. Cutar da a da takan kai mutum kushewa cikin 'yan shekaru ta koma abin da ake riƙewa da ƙwaya ɗaya a rana, har yawancin masu shan ta da wuri suna kaiwa kusan tsawon ran sauran jama'a.

Wannan labari shi ne tushen duk abin da fasahar sarrafa halittu ta kawo wa fagen cutar daji. Kafin nan makaman likita uku ne, tiyata da gashi da kemo, kuma har gobe su ne ginshiƙi, su ne ke warkar da mafi yawan waɗanda suke warkewa. Sai dai kemo ba ya tambayar kowa sunansa. Duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa abin harinsa ce, shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ya yi miki, jini ya yi ƙasa. Tamkar manomi ne da ya fesa maganin da ba ya bambance gero da ƙuduji, yana fatan ƙudujin ya riga geron mutuwa. Abin da sabuwar fasahar ta ƙara shi ne tambaya: wace ɓaraka ce takamaimai ta auku a cikin wannan ƙari na wannan mutum, kuma me zai kama ta?

Amsa wannan tambaya ta dogara ne da iya karanta DNA, wato rubutaccen umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Aikin karanta na ɗan Adam gaba ɗaya karo na farko an kammala shi a 2003, ya ci shekara 13 da kuɗi kusan dala biliyan 3. Yau ana yin irinsa cikin kwana ɗaya ko biyu a ƙasa da dala 1,000. An fara wani babban shiri a Amurka a 2006 wanda ya karance ƙararrakin mutane sama da 11,000 masu nau'o'in daji 33. Sakamakon ya rikita tsohon lissafi. Mata biyu na iya zuwa da sankarar mama iri ɗaya a ido, amma a ciki cututtuka biyu ne mabambanta masu buƙatar magani daban. Haka kuma ƙarin da ke hanjin wani da wanda ke mahaifar wata suna iya zama da ɓaraka ɗaya, magani ɗaya ya yi musu. A 2017 aka fara amincewa da wani magani bisa irin ɓarakar da ƙari ke ɗauke da ita, ba tare da duba gaɓar da ya fito ba.

Sankarar mama ce ta fi nuna yadda wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ita ce kan gaba a tsakanin matan Najeriya. A 1987 Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis ya nuna cewa wasu ƙararrakin mama, kimanin ɗaya cikin biyar, suna tara wani furotin mai suna HER2 a jikinsu fiye da kima, kuma su ne masu saurin yaɗuwa da kisa. Tun 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila sun gano hanyar ƙera furotin ɗin garkuwar jiki iri ɗaya tak, mai manne wa abu ɗaya tak. Kamfanin Genentech ya yi amfani da wannan dabara ya ƙera wanda ke manne wa HER2, aka amince da shi a 1998 da sunan Herceptin. Irin wannan magani ba a dama shi kamar farasitamol. Rayayyun ƙwayoyin halitta ake sa wa umarni a cikin DNA ɗinsu, a yi kiwonsu a manyan tankunan ƙarfe, su riƙa fitar da furotin ɗin, a tace. Nan tsadar take, nan kuma wahalar kwaikwayo take.

To amma Herceptin ba shi da wani amfani ga macen da ƙarinta ba shi da HER2, kamar yadda tamoxifen, ƙwaya mai araha da ake samu a kantunan magani, ba ya yi wa wadda ƙarinta ba ya cin abinci daga sinadarin mata na estirojin komai. Saboda haka ne bayan an yanki tsoka likita kan ce a kai ta a yi ƙarin gwaji na irin waɗannan abubuwa. A nan dangi kan fara gunaguni. An biya kuɗin aiki, an biya kuɗin gado, an sayar da akuya ko an ci bashi, ga shi kuma an ce wani gwajin, alhali an riga an ce daji ne. Ba su da laifi, domin ba kasafai ake zaunar da su a ce musu wannan takardar ce za ta faɗi wane magani za a saya da wanda sayensa asara ce ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika magana a kansa ba. Tsokar da aka yanka tana buƙatar shiga ruwan fomalin mai kyau cikin sa'a guda, kuma kada ta wuce kwana uku a ciki. Idan aka miƙa wa ƙanin mara lafiya kwalba ya shiga mota da ita zuwa wani gari, ta kwana a tasha, ta sha rana, furotin ɗin da ake nema na iya lalacewa, gwaji ya ce babu alhali akwai. Mace ta rasa maganin da zai yi mata saboda kwalba da zafin rana.

Maganin da ke kai hari wuri ɗaya yana da nasa rauni. Ƙari ba ya zama yadda yake, kullum yana rabuwa yana sake kuskure, cikin biliyoyin ƙwayoyinsa kuwa ba a rasa 'yan kaɗan da maganin bai kama ba. Su ne ke tsira su cika wurin. A sankarar huhu da ta fata an sha ganin ƙari ya narke cikin makonni, bayan shekara ɗaya ya dawo da ƙarfinsa. Glivec ya yi dace ne da cutar da ɓaraka ɗaya ke tuƙa ta. Yawancin nau'o'in daji ba haka suke ba, kuma waɗanda suka yi zaton kowane daji zai samu nasa Glivec cikin shekara goma sun sha mamaki.

Wannan ya sa hankali ya koma ga wani tsohon tunani. Tun 1891 wani likitan fiɗa a Niyok, William Coley, yake yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta don ya tayar musu da zazzaɓi, saboda ya lura wasu ƙararrakin kan ja baya bayan mutum ya yi fama da cuta mai zafi. Abokan aikinsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Sai bayan ƙarni guda aka gane dalilin da ya sa garkuwar jiki ke ganin ƙari ta ƙyale shi. A jikin fararen ƙwayoyin jinin da ake kira T akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su ce musu su dakata, don kada su afka wa jikin mai su. Ƙari kan koyi taɓa waɗannan wurare ya kwantar da masu farautarsa. Tasuku Honjo na Japan ya gano ɗaya, PD-1, a 1992. James Allison na Amurka ya nuna cewa idan aka toshe wani, CTLA-4, ɓeraye kan kashe ƙarinsu da kansu. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 2018. Maganin farko na wannan gida, ipilimumab, ya fito a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014.

A sankarar fata mai tsanani da ta riga ta bazu, wadda a da ba kasafai mai ita ke cika shekara ba, kusan rabin waɗanda aka haɗa wa biyu daga cikin magungunan nan sun wuce shekara biyar. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya bayyana a 2015 cewa irin wannan sankara ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata da gashi, aka sa shi a kan pembrolizumab, ya rayu har ƙarshen 2024, ya rasu yana da shekara 100. A 2022 wani asibitin daji a Niyok ya ba da rahoton mutum 12 masu sankarar dubura mai wata ɓaraka ta musamman, aka ba su dostarlimab na wata shida, ƙarin ya ɓace a jikin dukkansu ba tare da wuƙa ko gashi ba. Labarin ya karaɗe Facebook da WhatsApp har da Hausa, ana cewa an samo maganin kansa. Abin da masu yaɗawar suka tsallake shi ne ɓarakar da ake magana a kai ƙalilan ne daga masu sankarar dubura ke da ita. A yawancin nau'o'in daji marasa rinjaye ne ke amfana da waɗannan magunguna, kuma garkuwar da aka sake wa mara takan juya ta kama hanji ko huhu ko maƙoshin mai ita.

Mataki na gaba ya fi wannan ban mamaki. A 2012 wata yarinya 'yar shekara 6, Emily Whitehead, tana kwance a asibitin yara na Filadelfiya da sankarar jini da ta ƙi jin kemo sau biyu. Ayarin Carl June suka ɗebi ƙwayoyin T daga jininta, suka yi amfani da ƙwayar cutar HIV da aka cire wa dafi wajen shigar musu da sabon umarni, yadda za su gane wata alama mai suna CD19 da ke jikin ƙwayoyin sankarar. Suka hayayyafa su a ɗakin gwaji, suka mayar mata. Ƙwayoyin suka kama aiki da ƙarfin da ya kusa kashe ta: zazzaɓi mai tsanani, jini ya faɗi, aka sa ta a na'urar numfashi. Gwaji ya nuna wani sinadari, IL-6, ya yi tashin gwauron zabo a jininta, aka tuna akwai maganin ciwon gaɓoɓi da ke toshe shi, aka ba ta, ta farfaɗo. Tana nan da ranta, sankarar ba ta dawo ba. Wannan hanya, CAR-T, an amince da ita a 2017, aka sa mata farashin dala 475,000 kan mutum ɗaya, ban da kuɗin jinya.

Ta yi tasiri ƙwarai a sankarar jini da ta bargo da ta kaluluwa, amma a kan ƙararraki masu tauri irin na mama da hanta da hanji har yanzu da sauran tafiya. Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, labarin da ya fi daɗin ji daga Indiya ya fito. Cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial sun ƙera tasu CAR-T ɗin, NexCAR19, aka amince da ita a 2023, kuɗinta kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na ta Amurka. Har yanzu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma ya nuna cewa kaso mai yawa na waccan tsadar ba dole ba ne.

Akwai wasu abubuwan da ke kan hanya waɗanda jaridu ke so. Kamfanonin Moderna da Merck suna gwada rigakafin mRNA da ake ɗinka wa kowane mara lafiya nasa bisa ɓarakar ƙarinsa, kuma a gwajin matsakaicin mataki kan sankarar fata ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 idan aka haɗa shi da pembrolizumab. A Ingila an sa mutum 140,000 a gwajin wata hanyar neman gutsattsarin DNA na ƙari a cikin jini tun kafin alama ta bayyana. Almakashin gado na CRISPR, wanda ya ba Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, ana amfani da shi wajen gyara ƙwayoyin T na mai lafiya don a ba wani. Duk abin sa ido ne, amma ban ga hikimar mai ciwo ya jingina da su yau ba.

Wani gibi da ya shafe mu shi ne na wanda aka karanta. Mafi yawan DNA da aka gina wannan ilimi a kansa na Turawa ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Shikago, ta daɗe tana bin wannan batu. Binciken da ayarinta ya wallafa a 2018 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin takwas na matan Najeriya masu sankarar mama da aka duba sun gaji ɓarakar ne, galibi a ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2. Ma'anarsa, idan uwa ta yi, 'yarta ko ƙanwarta ta yi tun da ƙuruciya, ba lallai jifa ko sammu ba ne, abu ne da ake gwadawa a gani, a sa wa sauran 'yan gidan ido. Akwai ma rukunin magunguna, irin su olaparib da ya fito a 2014, da aka yi don masu wannan ɓaraka.

Kuɗi shi ne katangar da kowa ke gani. A 2022 an ƙiyasta sabbin masu cutar daji miliyan 20 a duniya da mutuwar kusan miliyan 9.7, a Najeriya kuwa sabbin masu cutar sun haura 120,000, mamata kusan 80,000. Yawan mamatan idan aka gwada da yawan masu kamuwa yana faɗin abin da kowane likita a Shika ko Sakkwato ya sani: mutane na zuwa a makare, bayan an gama zagayen masu magani, saboda an ce musu daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ƙarin da ya fashe ya bazu, ko a Amurka ba kasafai ake warkar da shi ba. Amma katangar kuɗin tana tsagewa a wasu wurare. Tun farkon shekarun 2000 masu irin sankarar bargon nan a Najeriya suke karɓar Glivec kyauta ta wani shirin tallafi da ke da cibiya a asibitin koyarwa na Ile-Ife, da sharaɗin gwaji ya tabbatar suna da ɓarakar BCR-ABL. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta hana Novartis haƙƙin mallakar maganin a can, kamfanonin ƙasar suka ci gaba da yin mai araha. A ƙarshen 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwafin Herceptin na farko, tana mai cewa irinsa kan fi na asali sauƙi da kusan kashi 65 cikin 100.

A ganina, duk da haka, babbar kyautar da wannan fasaha ta ba ƙasashenmu ba a sashen masu daji take ba, tana cikin akwatin sanyi na ma'aikaciyar rigakafi. Kaso mai yawa na dajin da ke kashe mutanenmu ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar HPV ce ke jawo sankarar bakin mahaifa. Ian Frazer da Jian Zhou a Ostireliya suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar cutar ba tare da cikinta ba, jiki ya gan shi ya shirya, alhali babu abin da zai kama shi. Rigakafin ya fito a 2006. A Ingila binciken 2021 ya nuna sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin matan da aka yi wa shi suna shekara 12 zuwa 13. Najeriya, inda cutar ke kashe mata kusan 8,000 a shekara, ta shigar da shi cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano da Jigawa da Bauci na cikin jihohin farko. Jita-jitar hana haihuwa ta biyo shi kamar yadda ta bi na shan inna, ko da yake an yi wa miliyoyin mutane shi a duniya ba a ga hakan ba.

Akwai rigakafi na biyu da ya ma girmi wannan. Rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda tun 1986 ake ƙera shi ta hanyar sa wa yis umarnin fitar da furotin ɗin ƙwayar cutar, shi ne rigakafi na farko da aka yi da fasahar haɗa DNA. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin wannan cuta a 1984, cikin shekara goma sankarar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaranta. A yankinmu sankarar hanta tana kama maza a tsakiyar ƙarfinsu, 'yan talatin da arba'in, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, kafin a ankara an makara. Abubuwa biyu ne ke haɗa kai su jawo ta: ƙwayar cutar B da aka ɗauka tun ana jariri, da gubar aflatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Ga na biyun cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da Aflasafe, wata fumfuna marar guba da ake watsawa a gona ta kore mai gubar. Ga na farkon, Najeriya ta sa rigakafin a jadawalin yara tun 2004, kuma allurar farko ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, domin ita ce ke tare cutar daga uwa zuwa ɗa. A arewa maso yamma mafi yawan mata a gida suke haihuwa, kuma jariri ba ya fita sai an yi suna, wani ma sai an yi arba'in. Allurar tana nan a asibitin unguwa, kyauta ce, amma sa'o'in da take da amfani mafi girma sukan wuce jaririn yana ɗaki.